Ƙaura da 'Ya'ya Zuwa Wata Jiha Bayan Rabuwar Aure: Matsalar Riƙon Tarayya a Amurka da Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Idan aure ya mutu alhali akwai 'ya'ya ƙanana a tsakani, abu na farko da akan yi jayayya a kansa shi ne hannun da za su zauna. Akan warware wannan a gaban alƙali ko a zauren dattawa, kowa ya san rabonsa. Sai dai sau da yawa rigimar takan sake tasowa bayan shekara ɗaya ko biyu, a ranar da ɗaya daga cikin iyayen ya ƙudiri aniyar barin garin. Wata uwar sabon aure ne zai kai ta wata jiha, wani uban kuwa canjin wurin aiki aka yi masa, kuma kowannensu yana son tafiya da 'ya'yan. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda shari'a take duban irin wannan ƙaura, musamman inda iyayen biyu suke tarayya a riƙon yaran. Za a fara da Amurka, domin a can ne tsarin riƙon tarayya ya fi kafuwa a doka, kuma a can ne kotuna suka fi daɗewa suna fama da batun tsallaka iyakar jiha. Daga nan za a waiwayi Nijeriya, wadda ita ma tarayyar jihohi ce, inda fiƙihun Malikiyya da dokar aure ta 1970 da al'ada suke aiki kafaɗa da kafaɗa.

2.0 Ma'anar Riƙon Tarayya

Kalmar riƙo a Hausa tana da faɗi. Ana cewa wance tana riƙon ɗan ƙanenta, wato yaron yana zaune a ɗakinta, ita ke kula da cinsa da wankansa da tarbiyyarsa, ko da yake ba ita ta haife shi ba. Abin da kalmar ba ta rarrabe ba shi ne bambancin da ke tsakanin wanda yaro yake kwana a wurinsa da wanda yake da ikon yanke shawara a kan rayuwarsa. Dokokin Amurka sun raba waɗannan biyu. Akwai riƙon zama, wanda ya shafi gidan da yaro zai kwana da yawan kwanakin da zai yi a can. Akwai kuma riƙon iko, wanda ya shafi zaɓen makaranta da asibiti da addinin da za a tashi yaro a kai. Ana iya yin tarayya a ɗaya ban da ɗayan, ana kuma iya yi a duka biyun. Jihar Kalifoniya tana cikin na farko da suka shigar da riƙon tarayya a doka, a 1979, sauran jihohi suka bi sahu a shekarun da suka biyo baya.

Wannan rabe-rabe ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu. Malamai sun bambanta hadana, wato reno da kulawar yau da kullum, da wilaya, wato ikon waliyyi a kan ilimin yaro da dukiyarsa da aurensa. A mazhabar Malikiyya hadana haƙƙin uwa ce, wilaya kuwa ta uba. Ke nan, a ma'ana mai faɗi, kowane yaron da auren iyayensa ya mutu yana cikin wani nau'i na riƙon tarayya. Abin da ya sa tsarin yake tafiya shi ne kusanci. Muddin gidajen biyu suna gari ɗaya, yaro zai iya kwana nan ya yini can. Da zarar tafiyar yini guda ta shiga tsakani, tsarin ba ya yiwuwa yadda aka shata shi, dole ɗaya ya yi asara.

3.0 Yadda Kotunan Amurka Suka Yi Ta Sauya Matsayi

A Amurka sha'anin aure da saki da riƙon yara yana hannun jihohi, kowace da dokarta. Wannan ya haifar da wata ɓarna a da. Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba a jiha ɗaya sai ya kwashi yaran ya tsallaka wata, ya shigar da sabuwar ƙara, ya samo hukuncin da ya saba wa na farko. Don toshe wannan kafa aka tsara wani daftarin doka na bai-ɗaya a 1968, majalisar tarayya ta ƙara da tata dokar a 1980, sannan aka sabunta daftarin a 1997, kusan dukkan jihohin suka karɓe shi. Ƙa'idar ita ce, jihar da yaro ya zauna a cikinta wata shida a jere kafin shigar da ƙara ita ce jiharsa ta gida, kotunta ce mai hurumi. Kuma kotun da ta yanke hukuncin farko tana ci gaba da riƙe hurumin gyara shi muddin ɗaya daga cikin iyayen yana zaune a jihar kuma alaƙar yaron da ita ba ta yanke ba. Wannan ya amsa tambayar wace kotu ce za ta saurari ƙara. Tambayar da ta fi wuya, wato ko za a bar uwa ko uba ya tafi da yaro, ita ce aka bar wa alƙalai.

Shekarar 1996 ta zama muhimmiya a wannan fage, domin manyan kotunan jihohi biyu mafiya tasiri sun yi hukunci a cikinta. A Kalifoniya, a shari'ar Burgess, wata uwa ce ta nemi ƙaura da 'ya'yanta biyu daga garin Tehachapi zuwa Lancaster, tafiyar mil 40 kacal, saboda aiki. Kotun ƙolin jihar ta ce wanda yara suke zaune a hannunsa ba sai ya tabbatar da cewa ƙaurar ta zama dole ba. Yana da ikon sauya mazauni, sai fa idan ɗayan ya nuna cewa tafiyar za ta cutar da yaran, ko an ƙulla ta ne don a raba shi da su. Masaniyar halayyar ɗan'adam Judith Wallerstein ta gabatar wa kotun bayani a wannan shari'a, inda ta nuna cewa kwanciyar hankalin yaro ya fi rataya ga dangantakarsa da wanda yake renonsa yau da kullum. Amma kotun ta yi wata togaciya a ƙasan shafi wadda ta shafi batun wannan maƙala kai tsaye. Ta ce idan iyayen biyu suna tarayya ta haƙiƙa a riƙon zama, to babu wanda zai ce shi ne mai fifiko, sai alƙali ya sake duban lamarin tun daga tushe, ya ga tsarin da ya fi dacewa da yaran.

A Nuyok kuwa, a shari'ar Tropea, babbar kotun jihar ta yi watsi da tsohuwar ƙa'idar da ta wajabta wa mai son ƙaura ya kawo wani uzuri na musamman. Ta ce a auna kowace ƙara da ma'auni guda, wato maslahar yaro, tare da duban dalilin tafiyar da dalilin ƙin yarda da ita, da ƙarfin shaƙuwar yaron da kowane ɗaya daga cikin iyayen, da abin da tafiyar za ta ƙara masa na ilimi da wadata.

Ba a daɗe ba iska ta juya. A 2003 wasu masana uku, Braver da Ellman da Fabricius, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan ɗaliban jami'a a jihar Arizona waɗanda auren iyayensu ya mutu. Sun gano cewa waɗanda ɗaya daga cikin iyayensu ya yi ƙaura mai nisa sun fi bayyana damuwa da ƙarancin tallafi fiye da waɗanda iyayensu suka ci gaba da zama kusa. An soki binciken da cewa bai tabbatar da ƙaurar ce ta jawo damuwar ba, tunda mai yiwuwa gidajen da rigima ta fi tsanani a cikinsu su ne tun farko suka fi watsewa. Duk da haka ya yi tasiri. A 2004, a shari'ar LaMusga, kotun ƙolin Kalifoniya ta amince da hukuncin alƙalin da ya ce idan uwar ta koma jihar Ohayo da sabon mijinta, to yaran biyu su koma hannun ubansu, domin alamu sun nuna cewa nisan zai ƙarasa kashe dangantakar da dama can ta yi rauni. Jihar Nu Jazi ta bi irin wannan hanya. A 2001, a shari'ar Baures, ta sauƙaƙa wa mai riƙon zama, ta ce ya isa ya nuna kyakkyawar niyya da cewa tafiyar ba za ta cuci yaro ba. A 2017, a shari'ar Bisbing, wadda ta shafi uwar da ta so kai tagwayenta jihar Yuta, kotun ta janye wannan sauƙi, ta koma ga auna maslahar yaro ba tare da fifita kowa ba.

Abin lura a nan shi ne, cikin shekara 20 kotunan sun tashi daga ƙuntata wa mai tafiya zuwa sakar masa mara, sannan suka dawo tsakiya. Kalmar maslaha tana da daɗin faɗa, amma ba ta gaya wa uwa ko uba abin da alƙali zai yanke kafin su kashe kuɗin lauya. Shi ya sa wasu jihohin suka ɗora ƙa'idojin awo a kanta. A Fulorida, ƙaurar da ta kai mil 50 kuma za ta ɗauki kwana 60 a jere tana bukatar rubutacciyar yardar ɗayan ko izinin kotu, kuma wanda aka sanar yana da kwana 20 ya nuna ƙin amincewa. A Mishigan awon mil 100 ne. Wanda ya kwashi yara ba tare da bin wannan hanya ba, kotu tana iya umartarsa ya mayar da su, kuma abin da ya yi zai zama hujja a kansa.

4.0 Matsayin Fiƙihun Malikiyya

Kotunan shari'ar Musulunci a arewacin Nijeriya suna dogara ne ga littattafan Malikiyya, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim. Abin da ke cikinsu game da hadana ya saba wa abin da mutane da yawa suke zato. Uwa ce ke da haƙƙin renon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Idan haƙƙin uwa ya faɗi, alal misali ta auri wanda ba muharramin yaron ba, ba uba ne ke biye da ita ba. Kakar yaron ta wajen uwa ce, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. A duk tsawon wannan lokaci ciyarwa da tufatarwa suna wuyan uba, kuma yana da ikon duba yaron da ladabtar da shi da aika shi makaranta, amma kwana a wurin mai reno ne.

Kan batun tafiya kuwa, malaman sun yi magana dalla-dalla tun ƙarnuka da dama kafin kotunan Amurka su fara. Sun bambanta tafiyar ƙaura, wadda mutum zai tare a wani gari da niyyar zama, da tafiyar fatauci ko ziyara. Ta biyun ba ta taɓa haƙƙin kowa. Ta farkon kuwa, idan ta kai nisan baridi shida, tana sauya hukunci. Baridi ɗaya mil 12 ne a awon malaman fiƙihu, ke nan baridi shida mil 72, wanda masana na wannan zamani suke ƙiyastawa da wajen kilomita 130. Akwai kuma ra'ayin da ya tsaya a baridi biyu. Abin sha'awa ne cewa awon da ya fi shahara ya faɗo ne tsakanin na Fulorida da na Mishigan, wanda ke nuna cewa tambayar da ake ƙoƙarin amsawa ɗaya ce: wane nisa ne zai hana mahaifi sanin halin da ɗansa yake ciki?

Sai dai hukuncin da aka ɗora a kan awon bai daidaita tsakanin iyayen ba. Idan uwa ce ta yi tafiyar ƙaura mai wannan nisa, waliyyi yana da ikon karɓe yaron. Idan kuwa waliyyin ne zai ƙaura, yana da ikon tafiya da yaron, sai dai in uwar ta yarda ta bi su zuwa garin, a nan haƙƙinta yana nan. An gindaya masa sharuɗɗa: ya rantse cewa ƙaura ce ta gaskiya, hanyar ta kasance amintacciya, garin da za shi ma haka. Hikimar da malamai suka bayar ita ce wilaya ba ta yiwuwa daga nesa, kuma kiyaye nasaba da tarbiyya ya fi reno nauyi. Wannan hujja tana da ƙarfi a zamanin da baridi shida yake nufin kwanaki a kan raƙumi, kuma wanda ya bar gari ba a sake jin ɗuriyarsa sai ayari ya dawo. A yau motar haya tana cin wannan nisa cikin awa biyu. Mazhabar Hanafiyya tun asali ta ɗauki wata hanya, ta yarda matar da aka saka ta koma garinsu da yaron idan a can aka ɗaura auren, ta kuma hana uba fita da yaro daga garin uwar muddin lokacin renonta bai ƙare ba. Ƙasar Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta sake duban batun a dokar iyali ta 2004, inda sashe na 178 ya ce sauya mazauni a cikin ƙasar ba ya zubar da hadana, sai in kotu ta ga dalili bayan ta yi la'akari da maslahar yaro da halin uban da nisan wurin.

Ya kamata a lura cewa fiƙihu nisa yake aunawa, bai san iyakar jiha ba. Wannan yana da muhimmanci a Nijeriya, inda jihohi suka tashi daga 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, zuwa 21 a 1987, zuwa 30 a 1991, har 36 a 1996. Matar da ta koma Kazaure daga Kano ta shiga wata jiha tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, amma ba ta kai baridi shida ba. Wadda ta tashi daga Maiduguri zuwa Biu tana cikin jihar Barno, amma ta wuce awon. Mai zaune a Abuja da ya koma Mararraba ko Suleja ya sauya jiha ba tare da ya sauya ko wurin aikinsa ba.

5.0 Al'ada da Abin da Ke Faruwa a Zahiri

Abin da littafi ya faɗa daban, abin da ake yi a gidaje daban. A ƙasar Hausa an saba cewa da zarar an yaye yaro, dangin uba sukan aiko a karɓe shi, a ba kakarsa ko gwaggonsa ko matar ubansa. Mata da yawa sukan miƙa ba tare da jayayya ba, wasu don rashin sanin haƙƙinsu, wasu don sun san uban ba zai aiko da abin ciyarwa ba, wasu kuma don bazawara mai 'ya'ya a hannu ba ta cika samun manemi da wuri ba. Kalmar agola, wato ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon miji, tana ɗauke da wani ƙasƙanci wanda shi kansa yake tura iyaye mata su saki 'ya'yansu. A irin wannan hali tarayyar da ake yi ta baka ce. Yaro yana gidan uba, yana zuwa wurin uwa ran Juma'a ko lokacin hutu, babu takarda, babu shaida sai dattawan da suka sasanta. Ranar da aka yi wa uban canjin aiki zuwa Fatakwal ko Legas, wannan yarjejeniya takan bi iska, uwar ta wayi gari ta ji an tafi.

6.0 Dokar Aure ta 1970 da Dokar Haƙƙin Yara

Ga waɗanda suka yi auren rajista, dokar da ke aiki ita ce ta shari'o'in aure ta 1970, wadda ba ta shafi auren Musulunci ko na gargajiya ba. Sashe na 71 ya umarci kotu ta ɗauki maslahar yara a matsayin abin da ke gaba da komai, ya kuma ba ta ikon tsara yadda wanda bai sami riƙo ba zai riƙa ganin su. Kotun ƙoli ta faɗaɗa bayanin wannan a shari'ar Williams ta 1987 da ta Odogwu ta 1992. A ta biyun ta nuna cewa jin daɗin yaro ba a auna shi da kayan alatun da ke gida, kuma ƙaramin yaro ya fi samun natsuwa a wurin uwarsa in babu wani aibi da aka tabbatar a kanta. A shari'ar Okwueze ta 1989 kuwa, kotun ta ce ko a ƙarƙashin dokar gargajiya da ke ba uba fifiko, ba za a zartar da wannan fifiko ba idan zai cutar da yaro. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta maimaita wannan ƙa'ida a sashenta na farko, ta kuma tanadi kotunan iyali, amma sai da kowace jiha ta yi tata kafin ta yi aiki a cikinta. Jihar Kano ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2023.

Dokar 1970 ta kauce wa ɗaya daga cikin matsalolin Amurka, domin ta tarayya ce, kuma ta ɗauki Nijeriya a matsayin mazauni guda, ta yadda ana iya shigar da ƙara a babbar kotun kowace jiha. Amma ba ta tanadi awon nisa ba, ba ta kuma wajabta wa mai shirin ƙaura ya sanar da ɗayan kafin ya tashi ba. Wanda yake ganin za a tafi masa da 'ya'ya, hanyarsa ita ce ya koma kotun da ta yi hukuncin ya nemi ta hana ko ta gyara. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so, don haka kotu ba za ta hana babba tafiya ba. Abin da ke hannunta shi ne ta faɗi inda yaron zai zauna idan an tafi. Ga uwar da ke shayarwa, ko mai renon ɗan shekara huɗu, wannan bambanci a takarda kawai yake, tunda cewa ta tafi ta bar yaron daidai yake da cewa kada ta tafi.

Matsalar ta fi tsanani ga Musulmin da ƙaura ta kai su kudu. Tsarin mulki ya ba kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a hurumi a kan sha'anin aure da wilayar yara, amma ya bar kafa ta ga jihar da ta bukata. Jihohi kamar Legas da Oyo ba su kafa ba, duk da yawan Musulmin da ke cikinsu, har da Hausawan Agege da na Sabon Ibadan. Akwai zaurukan shari'a masu zaman kansu a waɗannan wurare, amma sulhu suke yi tsakanin waɗanda suka yarda su zo, ba su da ikon tilastawa. Uwar da alƙali a Zariya ya tabbatar mata da hadana, idan uban ya riga ya kai yaran Legas, za ta tarar cewa takardar da ke hannunta ba ta da miƙaƙƙiyar hanyar zartarwa, kuma kowane wata da ya wuce yana ƙara wa uban hujjar cewa yaran sun saba da sabon wuri.

7.0 Abin da Yaro Yake Rasawa da Abin da Ake Iya Tsarawa

Akwai wata asara da ba a cika ambata a kotu ba, ita ce ta harshe. Yaron Amurka da aka kai daga Kalifoniya zuwa Ohayo Ingilishi zai tarar. Yaron da aka ɗauke daga Katsina zuwa Inugu yana da shekara biyar zai shiga makarantar da abokan wasansa Ibo da Turancin buroka suke yi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen al'ummar da yake zaune a cikinta, kuma ga ɗan ƙaura waɗannan harsuna biyu ne daban. Idan matar uban ba Bahaushiya ba ce, bayan 'yan shekaru yaron yakan zo hutu yana jin Hausa amma ba ya iya mayarwa, kakarsa ta wajen uwa ta yi masa wasan jika ya tsaya yana kallonta. Wayar salula mai nuna hoto ta rage kewa ƙwarai, amma ɗan shekara uku ba ya iya hira a waya, da ɗauka da goyo yake sanin mutum. Shi ya sa shekarun yaro suke cikin abubuwan farko da alƙalai suke dubawa, kuma ƙaurar da za a amince da ita ga ɗan shekara 12 ana iya jinkirta ta ga ɗan shekara biyu.

A ɗaya ɓangaren kuma, hana ƙaura shi ma yana da farashi. Matar da aka saka a garin da aure ne kawai ya kawo ta, ba dangi ba sana'a, tilasta mata zama don uba ya riƙa ganin yaro sau ɗaya a mako yana iya jefa ta da yaron cikin ƙunci. Komawarta gidan iyayenta, inda akwai masu taya ta reno, sau da yawa shi ne maslahar yaron.

Inda aka amince da tafiya, kotunan Amurka sukan sauya ziyarar mako-mako da zama mai tsawo a lokacin hutu, su kuma faɗi wanda zai biya kuɗin mota ko jirgi. Babu abin da ya hana yin haka a Nijeriya, ko a gaban alƙali ko a sulhun da aka rubuta aka kai kotu ta tabbatar. Shekarar karatu tana da zango uku, dogon hutu yana faɗawa tsakanin Yuli da Satumba, ga ƙaramar Salla da babba da ake iya yin karɓa-karɓa da su. Takardar ta fayyace wanda zai raka yaron a hanya, tunda ba a sa ƙaramin yaro a motar dare shi kaɗai, da ranakun da za a yi waya, da wanda zai riƙe takardar haihuwa da fasfo. Ta kuma ƙayyade wa'adin sanarwa, alal misali wata biyu ko uku kafin duk wata sabuwar ƙaura, sannan ta ambaci kotun da za a koma idan saɓani ya taso, domin kada kowa ya ruga ta garin da yake zaune.